Maganata ce, sai da wani ya faɗa aka ji

Jiya ina teburin mai shayi a Jega, sai ga aminina Alhaji Bawa, dillalin albasa daga Aliero, yana ta washe baki.

Bawa na fama da ciwon hanta. Tun da rani ya bar shan ƙwayar da likita ya ɗora shi a kai, wai ya ji ana ta suka cewa ba ta kashe ƙwayar cutar. Na bi shi har gida na ce masa gaskiya ne ba ta kashe ta, danne ta take yi, kuma in ya daina sha cutar za ta iya farkowa ta cinye hantar. Ya yi dariya ya kira ni likitan gindin bishiya.

"Malam Umaru, na koma shan magani!" in ji shi.

"Mi ya faru?"

"Wani Farfesa na ji a rediyo. Ya ce maganin ga danne cuta yake yi, ba a bari nai. Kai, mutumin ga ya san abu!"

Da ya faɗi sunan, sai na ajiye kofin shayin. Ajinmu ɗaya da Farfesan a sakandare, ni ke koya masa kimiyya. Shi ya samu mai ɗaukar nauyinsa, ni na ƙare ina koyarwa a firamaren ƙauye a Maiyama.

Na yi wa Bawa murna, Allah shi ne shaida. Amma na tashi ban ƙarasa shayin ba.

Jama'a, magana ake saurara a ƙasar nan, ko rigar mai maganar?