Mai Wankin Rigunan Calderthorpe

Shekara talatin da takwas Mavis Ackroyd ta yi tana wanke rigunan kulob ɗin wasan ƙwallon zari-ruga na Calderthorpe. Garin masu haƙar kwal ne, 'yan wasan ma daga rami suke fitowa su shiga fili. Duk Litinin sai ka ga riguna goma sha uku, ja da baƙi, a shanye bayan gidanta.

A kulob ɗin ta samu mijinta, Wilf, wani ƙato mai karyayyen hanci. A hunturun 1968, ana cikin turereniya, aka danne shi, wuyansa ya karye. Bai ƙara takawa ba. Mavis ta jawo gadonsa bakin tagar da ke fuskantar filin. Ba ya hangen komai sai bayan rumfar 'yan kallo, amma kunnensa ya ishe shi.

"Mavis, mun ci!"

"Kai dai, tsoho! A ina ka gani?"

"Ba ki ji ihun ba? Namu ne. Ɗora mana shayi."

Da aka rufe ramin kwal, matasa suka watse neman aiki. 'Yan kallo dubu tara suka koma ɗari huɗu. Daga ƙarshe shugabannin kulob suka haɗe da na wani gari, aka sayar da filin. Ranar wasa ta riƙa zuwa shiru. Bayan haka Wilf bai kai shekara biyu ba ya rasu. Wasiyyarsa ɗaya ce: a ƙona gawarsa, a watsa tokar a gindin turakun raga.

Kafin ya rasu an riga an shafe wurin da kwalta, ya zama wajen ajiye motocin wani babban kanti. Mavis ta je rungume da tulun tokar, tare da Clem, tsohon abokin wasan Wilf, yana dogara sanda.

"Nan turakun suke," in ji Clem.

"Haba Clem, ai sun fi can gaba."

Suka yi ta kewaye tsakanin motoci, sai kawai Clem ya fashe da kuka. "Shekara goma sha biyu ina gudu a nan, Mavis, wai yau na kasa ganewa."

Ba ta buɗe tulun ba. Ta kama hannun Clem suka hau bas. Da Mavis ta rasu a 2004, 'yar da suka haifa da Wilf ta binne ta tare da tokarsa.