Lambar Kurket ga Matar da Ba Ta San Kurket Ba

Shekara talatin da huɗu, in ka cire ranakun Lahadi da makon da ambaliyar kogin Mahanadi ta yanke hanya, ƙarfe bakwai ba ta taɓa samun Malama Kanaklata Behera a gida ba. Takan ci jiƙaƙƙiyar shinkafarta da gasasshen yalo, ta hau bas ɗin farko, ta sauka a bakin kasuwar kifi, ta ƙarasa da ƙafa zuwa makarantar makafi ta garinmu. Da isarta takan buɗe tagogin ɗakin karatu da ƙarfi, don yara su ji ƙarar su san ta zo. Daga nan sai ta zauna da allon rubutun makafi da tsinken ƙarfe, littafin Turanci a buɗe a hagunta, tana juya shi zuwa harshen Odiya a cikin kanta, tana huda takarda ɗigo bayan ɗigo. Shafi huɗu a rana, in hannu bai yi tsami ba.

Ba littattafan jarrabawa take hudawa ba. Labaran nan ne da yaran birni ke rububi, na dodanni masu fuka-fuki, da ƙofofin da ke ɓoye a jikin bango, da yaran da ke ƙwato gari daga hannun matsafa. Ƙanenta da ke aiki a Kolkata ne yake aiko mata da tsofaffinsu. Littafi ɗaya yakan ci mata wata bakwai, ya tashi kundi goma sha biyu. Yara na kiranta Didi, wato Yaya, har waɗanda ta yi jika da su.

Abin da Didi ba ta taɓa ganewa ba shi ne wasan kurket. A makarantar da kowane yaro ya haddace sunayen 'yan wasan Indiya da yawan makin ɗari-ɗari da kowannensu ya ci, ita ba ta iya bambance mai jifa da mai duka. Wata safiya da Indiya ta doke Ostireliya har gida, yara suka fito suna kaɗa kwanukan abinci, ta fito a guje da bokitin ruwa tana zaton gobara ce. Da aka gaya mata cewa ana iya kwana biyar ana wasa kuma a tashi babu wanda ya ci, ta daɗe tana kallon mai maganar, sannan ta koma kan hudarta.

Saura mako uku ta yi ritaya sai ga wasiƙa daga ƙungiyar kurket ta makafi ta gundumarmu, wai za a karrama ta da lambar yabo saboda hidimar da ta yi wa wasan. Ta karanta sau uku, ta duba bayan ambulan, ta tashi ta kai wa Malam Bibhuti Pradhan, malamin wasanni, wanda ya yi shekara ashirin da biyar yana shan rana a fili. Ta ce masa an yi kuskuren suna, ga wasiƙarsa. Ya duba ya miƙo mata.

"Didi, ni dai ba Kanaklata aka raɗa mini ba."

"To me na yi wa kurket?"

"Kin taɓa hana mu wasa kwana biyu don mun fasa miki taga. Wataƙila shi ne."

Ba ta yi dariya ba. Abin ya tsaya mata a rai, domin a ganinta karɓar yabon da ba naka ba sata ce, kuma wanda za a yi wa satar ga shi nan tsaye a gabanta da baƙin goshi saboda rana. Washegari ta shiga adaidaita har ofishin ƙungiyar. Sakataren ya ba ta kujera da shayi, ya buɗe fayil, ya ce babu kuskure, 'yan wasa ne da kansu suka kawo sunanta. Ta tambaya ko akwai wata Kanaklata Behera a gundumar. Ya ce akwai guda ɗaya, amma ta rasu bara. Ta dawo gida ta fi rikicewa. Ta fara rubuta takardar ba da haƙuri, ta yaga, domin ba ta san laifin da za ta ce ta yi ba.

Mu da muka yi aiki tare da ita mun san inda maganar ta samo asali, amma an roƙe mu mu yi shiru.

Shekara goma sha tara da suka wuce aka kawo wata yarinya daga ƙauyukan kan tudu, Jharana Majhi, 'yar shekara goma sha ɗaya. Ba da makanta aka haife ta ba, zazzaɓi ne ya tafi da idanunta a damina guda. Ta ƙi magana, ta ƙi sauka daga gado, abinci sai an yi da gaske. Hedimastan wancan lokaci ya ce in mako biyu ya cika ba ta sake ba, za a mayar da ita gida. Kowa ya san abin da gida yake nufi: lungun ɗaki har ƙarshen rayuwa.

Didi ta ɗauki littafi ta je ta zauna a bakin gadon, ta fara karatu ba tare da ta ce wa yarinyar komai ba. Kwana huɗu tana haka, Jharana ta juya mata baya. A rana ta biyar, daidai inda dodon ya sauko kan rufin gidan da yaran labarin suka ɓuya, Didi ta rufe littafin. Ta ce ɗakin nan zafi ya yi mata yawa, gobe a ƙarƙashin mangwaron da ke ƙarshen fili za ta ci gaba, mai son ji ya same ta a can. Mai dafa abincinmu ta ga abin da ya biyo baya ta tagar kicin. Yarinyar ta fito tana lalube, ta faɗi sau biyu, ta kurje gwiwa, Didi na zaune a gindin bishiya tana kallonta, hawaye na zuba, amma ba ta tashi ba. Sai da Jharana ta iso ta zauna sannan Didi ta buɗe littafin.

A wannan filin ne Malam Bibhuti yake koya wa yara kurket irin na makafi, da ƙwallon roba mai ƙananan ƙarafa a ciki, wadda ake mirginawa a ƙasa tana kacau-kacau. Wata rana ƙwallon ta ɓace musu ta nufo bishiyar, Jharana ta miƙa hannu ta cafke ta tun kafin ta tsaya. Bibhuti ya bar abin da yake yi ya zo. Yau Jharana ce kyaftin ɗin ƙungiyar mata ta gunduma, ta buga wa jiha, tana kuma aiki a birni da albashinta.

Ranar bikin, da yamma, aka kafa rumfa a filin makaranta. Didi ta zo sanye da sabon sari, zanen matan Indiya, da takarda a naɗe a hannu, ta rubuta jawabin da za ta mayar da lambar ga Bibhuti. Aka rataya mata furanni, aka yafa mata mayafi, tana ta waige-waige kamar wadda ta shiga bikin da ba a gayyace ta ba. Sai Jharana ta hau dandamali, ta durƙusa ta taɓa ƙafafun Didi don girmamawa, ta karɓi lasifika.

Ta ce a littafin da Didi ta karanta mata akwai wata makauniyar yarinya mai suna Tuni, wadda ita kaɗai ke jin fuka-fukin dodo tun yana bayan dutse, ita ce ke gaya wa sauran yaran inda za su gudu. Saboda Tuni ta fara kasa kunne, saboda ita ta yarda kunne ma yana da daraja. Ta ce bara ta samu littafin a waya, wanda ake karantawa da murya, ta saurare shi daga farko har ƙarshe tana jiran Tuni ta fito. Ta sake saurare. Babu wata Tuni a ciki.

Didi ta sunkuyar da kai. Shekara goma sha tara tana ɗauke da wannan abu ita kaɗai. A duk aikinta ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a littafin wani ba sai wannan karon, kuma da ta ƙara da baki dole ta ƙara a kundin, don kada yarinyar ta koyi karatu ta kama ta. Yanzu ga shi an faɗa a gaban hedimasta da baƙi daga gunduma. Ta tashi tsaye, takardar jawabinta ta faɗi ƙasa.

"Ku yi haƙuri," in ji ta. "Shafi talatin da ɗaya ne. Na san inda suke. Kafin in tafi zan cire su."

Jharana ta ce, "Didi, ba ƙararki na kawo ba."

"To me kika kawo, 'yar nan? Ni fa tun da wasiƙar nan ta zo ban gane komai ba."

Jharana ta juya wajen 'yan wasan da ke jere a gefe, ta ce duk wadda ta san Tuni ta ɗaga hannu. Cikin mata goma sha ɗaya, takwas suka ɗaga. A bayansu kuma hannayen yaran makaranta suka tashi, layi bayan layi, ba wanda yake ganin na ɗan'uwansa. Bibhuti ne ya sunkuya ya ɗauki takardar da ta faɗi, ya karanta, ya sa a aljihu. Ya ce wa Didi a hankali shi yana koya wa yara wasa ne in sun fito fili, amma bai taɓa sanin yadda ake fito da su daga ɗaki ba.

Ta karɓi lambar da hannu biyu, ta juya ta, ta tambayi na kusa da ita ko mutumin da aka sassaƙa a jiki jifa yake yi ko duka.

Ke ce, Didi, kika huda takarda har babban yatsanki ya yi kanta. Ke ce kika zauna a gindin bishiya kika danne zuciyarki, kika bar yarinya ta faɗi ta tashi da kanta, alhali tashi ki kamo hannunta ya fi miki sauƙi. Uwar masu karatu da yatsa, ba ki haifi ko ɗaya ba, amma babu gidan biki a garin nan da ba a ajiye miki kujera a gaba. Mun gode, mu da muka yi aiki a gefenki muna zaton littattafanki wasan yara ne.

Ya zuwa yau ba a turo wanda zai maye gurbinta ba. Akwai yara sittin da uku a makarantar, da kwali biyu na littattafan da ba a taɓa ba. Ba a neman mai digiri, ba a neman wanda ya iya wasa. Duk mai murya da awa ɗaya a mako da zai karanta wa yara, ƙofar na buɗe ranar Asabar bayan abincin rana. A makon jiya aka kawo wani sabon yaro daga bakin teku, kuma tun da ya zo bai ce uffan ba.