Hoton Kakana a Takardar Tsire

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu a Agege. Rana ta buɗe bayan ruwan da ya ƙi tsagaitawa, sai Baba ya sa na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na jera littattafansa su sha iska, don laimar Legas ba ta barin takarda lafiya. Manya-manya ne masu jan bango, tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da Turanci, juzu'i-juzu'i. Baba direban tirela ne a Ijora, Turancinsa bai wuce na karanta allon hanya ba, amma ya yi shekaru yana bin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, daga Iyana Ipaja har cikin Eko, yana haɗa su da ɗaiɗai. Dalilinsa guda ne. A juzu'in da ke maganar yaƙin ƙasar Bama akwai hoton baƙaƙen sojoji suna haye kogi da kaya a ka, kuma mahaifiyarsa, kafin ta rasu, ta ɗora yatsa kan ɗaya ta ce mijinta ne, wanda ya tafi yaƙi Baba yana goye, bai dawo ba. Kakan nawa ba shi da wani hoton a duniya.

Baba ya fita aiki, Inna ta aike ni niƙa. Ko da na dawo, wannan juzu'in babu shi a tabarma. Ashe Kawu Sale ne, ƙanen Inna mai tsire a bakin layin dogo, jaridar naɗe nama ta ƙare masa, ya shigo ya zaɓi wanda ya fi kauri ya yi gaba. Kafin magariba rabinsa ya watsu a unguwa. Da Baba ya same shi, ko kunya babu, ya ce, "Haba Yaya, takardar boko ce fa, ba Alƙur'ani ba." Abin da ya fi ƙona mini rai, 'yan majalisar da ke wurin duk suka mara masa baya. Mutanen da in sun ga guntun rubutun Larabci a ƙasa za su duƙa su ɗauke su cusa a ramin bango, su ne wai suke ba Baba haƙuri suna guntse dariya. Babu wanda ya tambaye shi me ke ciki.

Da gari ya waye, ni da Baba muka bi kwatoci muna tsintar takardu masu maiƙo da yaji. Mun sami taswira, mun sami tankokin yaƙi, har da wani Bature mai gashin baki da ƙuli-ƙuli ya manne masa a goshi. Hoton dai ba mu gan shi ba. Baba ya mayar da sauran littattafan kan kanta, ya bar gurbin wancan a buɗe, in ina share ƙura sai ya ce, "Kar ki matse su."

Yau neman tsohon littafi ya zama aikin danna waya. Bara na samo juzu'in, bayan Baba da Kawu duk sun kwanta dama, kuma wallahi har yanzu ban huce ba. Na buɗe shafin. Ga kogin, ga sojojin birjik, kowa da kayansa a ka. Na duba na sake dubawa, na rasa wanne ne kakana. Mai nuna mini shi da yatsa ya tafi.