Ranar da Na Tatsi Kifi a Bakin Tekun Ikko

Na manta sunan budurwar da ta fara ƙi na, na manta inda na ajiye tabarauna yau da safe, amma abin da ya same ni a bakin tekun Ikko, wannan kam sai dai a binne mu tare.

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanka mana Jihar Neja ba. Ni mai allurar shanu ne a Kontagora. Karatuna a aji huɗu na elementare ya tsaya, ba don ya ƙare ba, sai don ni da malamin mun gaji da juna. Amma hannu kam Allah ya ba ni. Daga Dukku har Kaboji, saniyar da ta gagari ƙarti uku, ni sai in ɗebi jininta tana tuƙa.

Sai aka tura ni kwas na mako biyu a Ikko. Cikin masu koyar da mu akwai wani Dakta, Bayarabe haihuwar Zungeru, Hausa a bakinsa ta fi tawa, ni da na fara da Kambarci. Shi ba shanu ne a gabansa ba. Wata dabbar teku yake bincike a kanta, wai ita dolfin. Yana so ya gwada jininsu ya gane ko na gaɓarmu dangi ɗaya ne da na wasu ƙasashe, da irin cutar da ke kama su. Shekara uku yana nema, matattu kawai yake samu.

Wata safiya ya leƙo aji yana haki. "Malam Kontagora, kwaso allurarka! Ruwa ya jefo guda da rai."

Muka same ta kwance a kan yashi, ta fi ni tsawo, jiki sumul, baki kamar mai murmushi alhali tana cikin wuya. Masunta sun kewaye ta da wuƙaƙe, don a wurinsu abin da teku ya jefo rabo ne. Dakta ya roƙe su su ba shi ɗan lokaci, in ya gama su yi yadda suke so. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, lissafin miya nake yi.

"Dakta, wannan ai kifi ne."

"Ba kifi ba ce. Iska take shaƙa kamar kai."

"Haba Dakta, da girmanka."

Ya ce in riƙa jiƙa ta kada rana ta ƙone ta. Na ga wani rami a tsakar kanta, na ce to, ga inda ƙishin yake, na tuttula masa rabin bokiti. Ta fyato min shi duka a fuska.

"Kai! Hancinta ne! Kashe min ita za ka yi?"

Daga nan na shiga hankalina. Ya ce jijiyar a wutsiya take. Sau biyu yana soka allura yana kuskure. Na karɓi allurar, na yi mata abin da nake wa saniyar Fulani: na shafa ta a hankali ina cewa, "Haba Gwaggo, yi haƙuri, yanzu za a gama." Ta lafa. Kwalba ɗaya ta cika. Dakta ya buɗe littafinsa, saura awo, saura ƙirga haƙora, saura kwalabe uku.

Muna ɗan juya ta don awon, hannuna ya tafi ƙasan cikinta. Ban aike shi ba; wanda ya saba da shanu can hannunsa yake zuwa. Na ji wani abu mai ɗumi. Na duba tafina, fari, mai kauri. Nono.

Na ɗaga kai. Can bayan igiyar ruwa wani ɗan baƙin baya yana ɓullowa yana nutsewa, ya je nan ya dawo nan, ya ƙi tafiya. Ita kuma ta yi wani ɗan kuka siriri, kamar ƙyauren da ya rasa mai. Na sha jin wannan kukan a ruga in an raba saniya da maraƙinta. Murya ce kawai ta bambanta.

"Dakta, goyo gare ta."

Ya dubi hannuna, ya dubi littafinsa, ya dubi fatarta da ta fara yamutsewa. "Malam, shekara uku nake jira."

"Ranka ya daɗe, wancan bai kai shekara ba."

Sai ya rufe littafin.

Saura masu wuƙa. Ni ba Yarabanci, su ba Hausa. Na je gaban dattijonsu na buɗe masa tafina, na nuna masa teku. Ya daɗe yana kallo. Ya yi magana guda, wani saurayi ya fara gardama, wata tsohuwa mai ƙyafa kifi ta rufe shi da faɗa har sai da ya soke wuƙarsa a ƙugu.

Muka ɗora ta a tamfol ɗin mota, mu da masuntan, muka shiga ruwa. Ni da ko iyo ban iya ba, ruwa har ƙirji, Dakta na riƙe da bel ɗina yana cewa, "Kada ka mutu, ban san me zan gaya wa Sakkwato ba." Muka tallafe ta har ta dawo hayyacinta. Ta buga wutsiya sau ɗaya ta sulale. Jim kaɗan sai ga baya biyu, babba da ƙarami, manne da juna. Na ce ruwan gishiri ne ya shiga idona. Dakta ya ce shi ma.

Da na dawo gida aka sa ni duba dabbobi a mayanka. Tun daga nan babu saniyar da ta wuce gabana sai na kai hannu hantsarta; in na ji nono, in hana a yanka ta. Mahauta sun yi ta tsine min a ɓoye, wasu ma a fili, ban fasa ba. Abin da na koyo ke nan, ba a aji ba: duk abin da ka samu kwance a gabanka, komai ikonka a kansa, kafin ka yanke shawara ka ɗaga kai ka duba ko akwai mai jiransa.