Gwaggo Lantana, Wadda Ta Raba Mini Shekara

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Gwaggo Lantana, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami a ƙauyenmu da ke bayan Ƙarfi. Mutanen yankinmu da suka manyanta suna tuna ni da kayen da na yi wa Barau na Musawa. Na ɗauki alƙalami yau don in faɗa musu cewa rabin kayen nan nata ne.

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, gidanmu na Maguzawa ne, matanmu suna noma, suna kuma zuwa kallon kokawa. Mahaifin Gwaggo, wato kakana, shahararren ɗan kokawa ne da bai taɓa jin ganga ya zauna ba. Kafin furfura ta fito masa gwiwoyinsa sun mutu, ita ce ta yi ta jinyarsa har ya bar duniya. A wurin jinyar nan ta fahimci abin da ke cinye ɗan kokawa.

Ni ma hanyarsa na ɗauko. Tsiga, Bakori, Malumfashi, duk inda aka kafa fage ina can, rani da damina. Da kaka ta zo aka haɗa ni da Barau, wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Na fi shi sauri, amma da kokawar ta yi tsawo sai ƙafafuna suka yi sanyi, ya ɗaga ni ya maka da ƙasa a gaban 'yan garinmu.

Da na dawo gida, Gwaggo ta ajiye mini ƙwaryar fura, ta ce, "Tanko, ba Barau ya kada kai ba. Tun kafin ka isa fagen ka ƙare. Ka ba ni shekara guda, ka yi abin da na ce."

Da rani ta hana ni komai. Ta ɗauke warkina ta ɓoye, ta ce in yi barci, in gyara dangar gida, in je ganin dangi, har ciwon kafaɗar da nake ɓoyewa ya warke. Da bazara ta kama, sai ta sa ni jigilar taki zuwa gonarmu ta nesa, a ka, ba da jaki ba, tafiya a hankali amma kullum. Da ruwa ya sauka aka shiga aiki mai nauyi. Noman firi, maimai, huɗa da garma, kuma duk gayyar da aka kira sai ta ce in kama kunyar gaba. A lokacin ne ta buɗe rumbunta sosai: tuwon dawa, wake, gyaɗa, ga nonon da take karɓowa a rugar maƙwabtanmu. Kokawa kuwa, ko da wasa, babu.

Wannan ne ya fi mini wuya. Samari suka fara cewa Barau ya cire mini zuciya. Wata ranar kasuwa makaɗin garinmu ya zo har ƙofar gida yana kaɗa takena, na miƙe zan bi shi. Gwaggo ta riga ni fita.

"Maiganga, in yunwa ta kawo ka, ga tuwo. In yarona ka zo ɗauka, bai nuna ba tukuna."

Ya ce, "Lantana, gari na cewa tsoro ne."

Ta ce, "Gari ya jira kaka."

Sai da aka yanke gero ta fito da warkin. Ta rage mini aikin gona, ta tura ni rairayin rafi tare da 'yan'uwana, mu kama, mu saki, mu sake kamawa, gajere-gajere da zafi. Cikin fagagen farkon kaka, ƙanana kaɗan ta zaɓa mini, sauran ta ce in je kallo kawai, in lura da yadda Barau yake sa ƙafa. Da babban taron da ake yi bayan an fara sayar da auduga ya matso, sai ta sake tsayar da komai. Na yi ta ci ina kwanciya har na ji kamar ƙarfi zai fasa mini fata.

Ranar taron, bayan la'asar, fagen ya cika har bisa itatuwa. Barau ya shigo da girmansa, amma ya kwashe watanni yana karo, na ga ɗaurin da ke gwiwarsa. Muka sarƙe. Ya yi abin da ya saba, ya ja kokawar yana jiran in gaji. Ban gaji ba. Na ji numfashinsa ya fara tsinkewa a kunnena, ni kuwa kamar yanzu na shigo. Da ya yunƙura zai ɗaga ni, na sa masa taɗiya, na juya shi, bayansa ya daki ƙasa. Ihun da aka yi, an ce har masu awon auduga sun bar sikeli sun taho. Samari suka ɗaga ni sama, daga can na hango Gwaggo cikin mata tana rangaɗa guɗa tana taka rawa, ɗankwalinta a hannu, ita da ban taɓa ganin ta yi rawa ba.

Yanzu jikana yana buga ƙwallo a Funtuwa. Mai horar da su yana raba musu shekara, lokacin hutu daban, na gina jiki daban, na gasa daban. Na san da Gwaggo ta gani za ta gyaɗa kai, sannan ta tambayi abin da ake ba su su ci. Amma da an nuna mata 'yan kokawar da muke gani a waya, kowane mako suna fage don ba sa iya ƙin gayyata, tausayinsu za ta ji, ta tambaya ko ba su da wani a gida da zai ce musu a'a.

Ta musulunta a tsakiyar rayuwarta, ta rasu a ɗakinta cikin jikoki, Allah Ya jiƙanta. Ba ta bar hoto ba, makaɗa kuma ba su taɓa sa sunanta a waƙa ba. Amma ranin da ya biyo bayan kayen nan, Barau da kansa ya zo gidanmu da ƙanensa, ya durƙusa ya roƙe ta ta raba wa yaron shekara. Daga nan abin ya bazu. Har gobe a ƙauyukanmu, ɗan kokawar kirki ba ya shiga fage daga saukar ruwa har a yanke gero. In ka tambayi samarin dalili, sai su ce al'ada ce tun kaka da kakanni. Nakan yi murmushi kawai, don ni na san matar da ta fara ta.