Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Tun da aka fara wasan camogie, wato ƙwallon sanda, na 'yan matan sakandare, idon Orla Devane, mai horar da 'yan gida, yana kan mai lamba goma sha huɗu ta ƙungiyar baƙi. Kafaɗunta sun fi na kowa faɗi, sandarta kuma ta ga jiya. Ana hutun rabin lokaci, kowa ta cire hular kwano ban da ita. Ta tsakanin wayoyin hular take kurɓar ruwa, tana ba alƙalin wasa baya.

"Wannan ce 'yar shekara sha shida?" in ji Orla a ranta. "Wa za a raina wa hankali?"

Ana komawa fili, wata 'yar ƙungiyar baƙin ta manta, ta ƙwala mata kira: "Malama, bugo min nan!"