Malama Doreen da Ɗalibanta Masu Furfura

Kafin masu shara su gama da farfajiyar kwalejin garinmu da ke jihar Ohio, Malama Doreen Sabol ta riga ta ɗora kofi, ta bar ƙofar ofishinta a buɗe. Aikinta zama da mutanen da karatu ya tsinke musu a hanya. Takan tattaro ɗan abin da suka taɓa karantawa, ta haɗa da burinsu, su tsara digirin da ya dace da kowa shi kaɗai.

Yawancin ɗalibanta sun haura shekara talatin. Akwai tsofaffin sojoji, akwai matan da ke shigowa aji da kayan aikin asibiti a jiki, wata ma mota ɗaya suke zuwa da jikarta.

Waɗanda suka gani har yau suna ba da labarin Wendell Tackett, mai walda da ya doshi sittin lokacin da masana'antarsu ta rufe. Ya yi rajista, amma ranar farko ya ƙi fitowa daga motarsa. Doreen ta hango shi ta taga, ta fita cikin dusar ƙanƙara ko rigar sanyi babu, ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam Wendell, a motar za a kawo maka digirin?"

"Malama, ki rabu da ni. Da furfurata zan zauna cikin sa'o'in 'ya'yana su yi mini dariya?"

"To ni ma ina nan. In sanyi ya kashe ni, alhakina a wuyanka."

Ya fito yana ƙunƙuni. Suna shiga aji, wata ɗaliba dattijuwa, Bernadine, ta sauke tabarau ta ce, "Kai yaro, rufe ƙofa, kana shigo mana da sanyi!" Aji ya kwashe da dariya, har da Wendell.

Da matarsa ta kwanta ciwo ya daina zuwa, kowa ya ce shi ke nan. Doreen ta bi malamansa ɗaya bayan ɗaya har suka yarda ya riƙa yi daga gida. Ya gama. Yau shi ke koyar da walda a wannan kwalejin, da taƙamarsa.

Malama Doreen, ke ce uwar masu dawowa. Ke ce ba ki taɓa tambayar mutum ina ya shige tsawon shekaru ba. Ba a san sunanki a jarida ba, amma an san shi a ɗakunan girkin garin nan, inda iyaye ke yin aikin makaranta tebur ɗaya da 'ya'yansu.

Ƙarshen watan nan za ki yi ritaya. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Mu kuma da muka rage, duk wanda ya san wani da ya ajiye karatu, kada ya ce masa lokaci ya ƙure. Ya tambaye shi kawai: a ina ka tsaya?